Sakacin Masu Ajiya

A ranar 7 ga watan Satumba na shekarar 2017, wani kamfani mai suna Equifax, wanda hedkwatarsa ke birnin Atlanta na ƙasar Amurka, ya ba da sanarwar cewa waɗansu ɓarayi sun kutsa cikin kwamfutocinsa, sun kwashe bayanan mutum miliyan 143. Da aka sake lissafi daga baya sai adadin ya haura zuwa miliyan 147, watau kusan rabin jama'ar ƙasar ke nan, ban da waɗansu miliyoyi a Ingila da dubbai a Kanada. Ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba, ba a kuwa ɗaure maigadi ba. Abin da aka yi awon gaba da shi shi ne sunayen mutane, da ranakun haihuwarsu, da adireshin gidajensu, da kuma lambar nan da gwamnatin Amurka ke ba kowane ɗan ƙasa, wadda da ita ake ɗaukar mutum aiki, da ita yake biyan haraji, da ita yake karɓar rance, da ita kuma ake biyansa fansho idan ya tsufa.

Shekaru sun shuɗe, an kuma yi irin wannan sata sau da yawa a bayanta, amma mun ga ya dace mu komo kan wannan ɗin, domin tana cikin waɗanda aka fi bincikawa dalla-dalla, har majalisar dokokin ƙasar ta fitar da rahoto a kanta. Duk wanda ya duba abin da aka gano zai lura da abu guda wanda ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya: wanda aka ba ajiya shi ke yin sakaci, amma mai ajiyar shi ke kwana da hasara. Muddin kuwa haka lamarin ya ci gaba, to, ba wani gargaɗi da zai sa manyan kamfanoni su tsare asirin mutane kamar yadda suke tsare kuɗinsu.

Da farko ya kamata mai karatu ya san sana'ar wannan kamfani. Tun shekarar 1899 aka kafa shi, aikinsa kuwa shi ne tattara labarin bashin mutane: wane ne ya ci bashi, nawa ya ci, ya biya a kan kari ko kuwa ya yi taurin bashi. Bankuna da kantuna ke aika masa da waɗannan labarai, sa'an nan shi kuma ya sayar musu da rahoto idan wani ya zo neman rance. Saboda haka galibin waɗanda aka sace bayanansu ba su taɓa yin ciniki da shi ba, ba su taɓa sa hannu a wata takardarsa ba, da yawansu ma ba su taɓa jin sunansa ba sai ranar da ya ba da sanarwa. Su ne hajar da yake sayarwa, ba tare da an nemi yardarsu ba.

Ga yadda abin ya auku. A farkon watan Maris na 2017 aka gano wata kafa a cikin wata manhaja da ake kira Apache Struts, wadda kamfanoni da yawa ke gina shafukansu na intanet da ita. Masu manhajar suka fitar da gyara nan take, kyauta. A ranar 8 ga watan hukumar gwamnati mai kula da irin wannan al'amari ta gargaɗi kamfanoni, har da Equifax, kashegari kuma aka rarraba gargaɗin a cikin kamfanin. Dokar kamfanin da kansa ta ce irin wannan gyara tilas a yi shi cikin awa 48. Ba a yi ba. Shafin da mutane ke shiga su kai ƙorafi a kan kuskuren da aka yi musu a rahoto ya zauna a buɗe, har ranar 13 ga watan Mayu ɓarayi suka shiga ta nan. Da shigarsu sai suka tarar da wani fayil ɗauke da kalmomin sirrin ma'aikata a rubuce a fili, kamar dai mutum ya rataye makullan gidansa a zaure. Da waɗannan makullai suka buɗe rumbunan bayanai 48, suka yi ta ɗiba sannu a hankali har tsawon kwana 76.

Mai karatu zai ce, to, ba mai gadi ne? Akwai. Kamfanin yana da wata na'ura wadda aikinta shi ne duba duk abin da ke fita daga kwamfutocinsa, amma takardar izinin da take aiki da ita ta ƙare, ba wanda ya sabunta ta, har aka shafe aƙalla wata goma na'urar tana nan a makance. Ranar 29 ga watan Yuli da aka sabunta takardar, a ranar ce aka ga ɓarayin. Da shugaban kamfanin, Richard Smith, ya bayyana a gaban majalisa a watan Oktoba, bayan ya ajiye aiki, sai ya ɗora laifin a kan ma'aikaci guda wanda bai isar da saƙo ba, da kuma wata na'urar bincike da ba ta gano kafar ba. Mu dai ba mu ga yadda za a ce asirin mutum miliyan 147 ya rataya a wuyan ma'aikaci ɗaya ba, sai fa idan tun asali shugabannin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Kwamitin majalisar wakilai da ya bi diddigin lamarin ya yanke hukunci a watan Disamba na 2018 cewa sata ce da ake iya hana aukuwarta gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya fi satar muni. Daga ranar da aka ga ɓarayin zuwa ranar da aka gaya wa jama'a kwana 40 ne cur. A cikin waɗannan kwanaki wani babban jami'in kamfanin, da ya fahimci abin da ke tafe, ya yi maza ya sayar da hannun jarinsa na kusan dala miliyan ɗaya kafin farashi ya faɗi; a 2019 kotu ta ɗaure shi wata huɗu. Da aka buɗe wa jama'a shafin da za su duba ko abin ya shafe su, sai ma'aikatan kamfanin da kansu suka yi ta tura mutane wani shafin jabu bisa kuskure. Daɗin daɗawa, cikin sharuɗɗan taimakon da kamfanin ya ce zai bayar kyauta an cusa wani sharaɗi da ake jin zai hana mutum kai ƙara kotu, sai da aka yi ca a kansa sa'an nan ya janye.

A watan Yuli na 2019 kamfanin ya amince zai biya tara da diyya da za su iya kai dala miliyan 700. Kuɗi ne masu yawa a kunne. To, amma a raba su ga mutum miliyan 147, kowa bai kai ga dala biyar ba. An yi shelar cewa wanda abin ya shafa yana iya neman dala 125, alhali kuwa dala miliyan 31 kacal aka keɓe don wannan, saboda haka da masu nema suka yi yawa sai abin da ya isa hannun mafi yawansu ya zama ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa kamfanin, wanda cinikinsa na shekarar 2017 ya ɗara dala biliyan 3, a shekarar 2023 ya haura biliyan 5. Yana nan yana sana'arsa, da bayanan mutanen nan dai. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kamata a fahimci bambancin wannan sata da satar dukiya. Wanda aka sace wa akuya, in an kama ɓarawo, a mayar masa da akuyarsa, magana ta ƙare. Wanda aka sace wa katin banki, a soke katin a ba shi sabo. Amma ranar haihuwa ba a sake ta, sunan uwa ba a sake shi, zanen yatsa ba a sake shi. Abin da aka kwafa sau ɗaya ana iya sayar da shi sau dubu, kuma ba ya ruɓewa. Mutumin da aka ɗauki bayanansa a 2017 yana iya wayar gari bayan shekara goma ya tarar an ci bashi da sunansa a garin da bai taɓa zuwa ba, shi ne kuma zai yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi yana rantsuwa cewa ba shi ba ne.

Kada a ce Equifax kaɗai ne baƙar tunkiya. A 2013 an sace lambobin katin mutum miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, ɓarayin kuwa sun shiga ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Kamfanin Yahoo an yi masa kutse a 2013, bai bayyana ba sai a 2016, sai kuma a 2017 ya yarda cewa abin ya shafi dukan asusun da ke wurinsa, biliyan 3. Kamfanin Uber kuwa, da aka kwashe bayanan mutum miliyan 57 a 2016, sai ya biya ɓarayin dala 100,000 don su yi shiru, ya rufe maganar har shekara guda, abin da ya sa a 2022 kotu ta sami shugaban sashen tsaronsa da laifi. Mafi ban takaici shi ne na Change Healthcare, kamfanin da ke tsakanin asibitoci da masu inshorar lafiya a Amurka. A watan Fabrairu na 2024 ɓarayi suka shiga ta wata ƙofa da ba a sa mata makulli na biyu ba, watau lambar nan da akan aiko wa mutum ta waya don a tabbatar shi ne, abin da ƙaramin banki ma ke yi wa mai ajiyar naira dubu. Shugaban uwar kamfanin ya faɗa wa majalisa da bakinsa cewa sun biya fansar dala miliyan 22. Duk da haka an yi makonni asibitoci da kantunan magani suna cikin ruɗani, bayanan lafiyar mutum wajen miliyan 190 kuma sun fita.

Mun san abin da kamfanonin ke faɗa, kuma ba za mu ƙi saurarensu ba. Suna cewa su ma zalunta aka yi, kuma abokan gabarsu ba ƙananan ɓarayi ba ne. Akwai gaskiya a nan. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Amurka ta tuhumi sojoji huɗu na ƙasar Sin da satar Equifax, ko da yake Sin ta musanta. Kamfani, kome girmansa, ba a tsammanin ya kara da rundunar wata ƙasa ya yi nasara kullum, kuma mai tsaro sai ya toshe kowace kafa, alhali ɓarawo ɗaya tak yake nema. Ba ma kuma cewa a sassauta wa ɓarayin; duk inda aka kama su a hukunta su. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A duk misalan nan da muka kawo ba wata gagarumar dabara aka yi ba. Gyara ne aka ƙi yi a kan lokaci, kalmar sirri ce aka bari a fili, ɗan kwangila ne aka sakar wa makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, waɗannan bangaye kuwa masu gidan sun san da tsagarsu.

Dalilin sakacin ba boyayye ba ne. Tsaro kuɗi yake ci, ba ya kuwa kawo riba da za a nuna wa masu hannun jari a ƙarshen shekara. Manajan da ya kashe miliyoyi wajen sabunta tsofaffin kwamfutoci, ba a kuma yi sata ba, ba wanda zai yaba masa, domin ba a ganin abin da bai faru ba. Wanda ya tsuke bakin aljihu kuwa shi ake ƙara wa girma. Idan an yi rashin sa'a an yi sata, a fitar da takardar ban haƙuri, a biya tarar da ba ta kai ribar 'yan watanni ba, a ci gaba da harka. Ɗan kasuwa da lissafi yake aiki, kuma lissafin yau yana gaya masa cewa sakaci ya fi araha. A al'adarmu, da ma hukuncin da alƙalanmu suka sani tun da daɗewa, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da laifinsa ba, amma idan aka tabbatar ya yi sakaci, to, ramuwa ta hau kansa. Abin mamaki ne a ce ƙa'idar da ake bi a kan buhun gero an kasa bin ta a kan asirin miliyoyin mutane.

Wani zai tambaya, ina ruwanmu da abin da ya faru a Atlanta? Ruwanmu shi ne, abin da Amurkawa suka tara a cikin shekaru masu yawa mu mun tara namu cikin ɗan lokaci kaɗan. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, aka ɗauki hoton kowane mai ajiya da zanen yatsunsa. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, muka ga tsofaffi da mata masu goyo suna kwana a layi a ƙofar ofisoshin rajista. Yau mutum ba ya buɗe asusu, ba ya sayen layi, ba ya neman fasfo, ɗansa ba ya zana jarrabawar shiga jami'a, sai ya miƙa waɗannan lambobi. Talaka bai yi gardama ba, ya ba da duk abin da aka nema, domin an ce masa don tsaron lafiyarsa da dukiyarsa ne. A watan Yuni na 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta ba da rahoton cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai na 'yan Nijeriya a kan naira 100. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina ruwan ya yoyo, magidancin da aka buga wa waya aka kira shi da cikakken sunansa, aka faɗa masa ranar haihuwarsa da sunan bankinsa, sa'an nan aka nemi ya karanto lambar da aka aiko masa, ba shi da yadda zai gane cewa da ɗan damfara yake magana. Idan aka wawushe asusunsa ya je banki, amsar da ya saba ji ita ce shi ne ya ba da lambarsa.

Muna yaba wa gwamnati da ta sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai a watan Yuni na 2023, ta kuma kafa hukuma ta musamman don aiwatar da ita. Dokar ta tanadi cewa wanda aka yi wa kutse mai haɗari ga jama'a tilas ya sanar da hukumar cikin awa 72, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta tanada tun 2018, kuma babban kamfani da ya saɓa ana iya cin tararsa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na cinikinsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Wannan mataki ne mai kyau. Sai dai Amurka ma ba dokoki ta rasa ba a 2017, saboda haka akwai abubuwan da muke ganin tilas a kula da su tun kafin a kai ga ihu bayan hari.

Babba daga cikinsu shi ne a rage tarawa. Abin da ba a ajiye ba, ba a sace shi. Ina dalilin da zai sa otal, ko kantin sayar da waya, ko makaranta mai zaman kanta, su riƙe kwafin katin shaidar mutum har abada bayan an gama hulɗa? Ina dalilin da manhajar ba da rancen naira dubu biyar za ta kwashe sunayen duk mutanen da ke cikin wayar mai neman rance? Ya kamata hukuma ta iyakance wa kowane irin kamfani abin da zai tambaya da tsawon lokacin da zai riƙe shi, ta kuma riƙa aika masu bincike su gani da idonsu cewa an goge. Wannan ya haɗa da 'yan kwangila da wakilan da ake ba izinin duba rumbun gwamnati don tantance mutane, domin darasin Target shi ne ɓarawo yakan bi ta ƙofar bara ne idan ta maigida ta gagare shi.

Haka nan kuma sanarwa kada ta tsaya tsakanin kamfani da hukuma a cikin ofis. Mai abu shi ya fi cancanta ya fara ji, kuma a harshen da yake fahimta. Takardar Turanci da aka liƙa a shafin intanet ba ta isa ga mai sayar da hatsi a Dawanau ko makiyayi a Maigatari ba, alhali suna da asusu suna da layi kamar kowa. A aika musu saƙo ta waya da Hausa, a faɗa a rediyo, a gaya musu abin da aka ɗauka da abin da za su yi. Hukumar kuma ta riƙa buga sunayen kamfanonin da suka kawo rahoton kutse, da abin da bincike ya gano, domin kamfani ya fi tsoron kunya a gaban abokan cinikinsa fiye da tarar da zai shigar cikin lissafin kashe-kashen shekara.

Game da tara kuwa, mu a ganinmu bai isa a ce kuɗi sun shiga baitulmali ba, alhali wanda aka cuta yana nan hannu rabbana. A keɓe masa kasonsa, a kuma sauƙaƙa masa hanyar nema, kada a ce sai ya ɗauki lauya a kan naira dubu hamsin. Idan an tabbatar cewa bayanan mutum daga wurin kamfani suka fita, to, nauyin kawo hujja ya koma kan kamfanin. Sa'an nan shugaban da ya san an yi sata ya ɓoye, ko ya sayar da jarinsa kafin jama'a su ji, a tuhume shi shi kansa, kada a bar kamfani ya biya masa da kuɗin masu hannun jari.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba idan gwamnati ta keɓe kanta, domin a ƙasar nan ba wani kamfani da ya kai ta tara bayanan jama'a. Hukumar rajistar 'yan ƙasa, da hukumar zaɓe, da ta shige da fice, da masu karɓar haraji, da hukumomin jarrabawa, kowace tana zaune a kan rumbu. Muna kira ga Majalisar Tarayya da ta umurci kowace ɗaya daga cikinsu ta kawo mata rahoto kowace shekara, wanda masu bincike daga waje suka duba, a kan waɗanda ke da izinin shiga rumbunta, da yawan kafofin da aka gano, da kwana nawa aka ɗauka kafin a toshe kowace. Gwamnatocin jihohi, waɗanda ke riƙe da bayanan ma'aikata da 'yan fansho da masu filaye, su ma majalisunsu su nemi irin wannan rahoto kafin su amince da kasafin kuɗin baɗi.